Hawa Lafiya, Sauka Lafiya: Kiyaye Kai a Kan Keken Guragu Mai Batir

Jawabin da wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta gabatar ga 'yan kasuwa da iyalai a Gedambaliya, jihar Gadarif



Iyayena maza da iyayena mata, malamanmu, dattawan kasuwa, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Na san abin da kuka bari kuka zo nan. Wani ya rufe rumfa, wani ya bar buhunan riɗi a hannun yaro, wata ta sauke tukunya tun ba ta nuna ba. Allah Ya saka muku da alheri. Ba zan riƙe ku ba sai gwargwadon abin da maganar ta buƙata.

Mutanen Gedambaliya ba baƙin inji ba ne. A wannan ƙasa ce aka fara noman dawa da tarakta a Sudan, tun a shekarun 1940, kuma da wuya a sami gida a nan da ba a taɓa samun direba ko makanike ko yaron mota a cikinsa ba. Kowa ya san ba a sauka daga tarakta tana cikin giya, ba a kuma barin yaro ya yi wasa da sitiyari. To, wannan sanin naku shi nake so mu ɗauko yau mu ɗora a kan keken guragu mai batir. Ido yana ganinsa kamar kujera, amma inji ne. Wanda ya ɗauke shi a matsayin kujera, wata rana zai kayar da shi.

Dalilin wannan zama

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin ɗari yana buƙatar keken guragu, wato kimanin mutum miliyan 80 a faɗin duniya. A nan ba sai an kawo mana lissafi ba, muna gani da idonmu. Akwai waɗanda shan-inna ta taɓa tun suna yara, akwai waɗanda haɗarin mota ya karya wa lakar baya, akwai dattawan da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da waɗanda ciwon suga ya raba da ƙafa. Tun daga 2020, lokacin da 'yan gudun hijira daga Habasha suka cika sansanin Um Rakuba, sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, da kwararowar mutanen Madani a Disambar wannan shekarar, Gadarif ta karɓi baƙi masu yawa, cikinsu har da masu raunin harsashi da tsofaffin da aka ɗauko a baya.

A cikin wannan hali ne kekuna masu batir suka fara shigowa gidajenmu. Wani ɗansa ne ya aiko masa daga Jidda ko Riyad, wani ya saya na hannu, wani kuma ya gudo da nasa daga Khartum. Sau da yawa keken kan iso ba takardar bayani, ko da takarda cikin harshen da ba mai karanta shi a gidan. Sai a ɗora mutum a kai, a yi murna, a ce Allah Ya sa albarka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2023, ta nuna cewa miƙa wa mutum keke kawai bai isa ba, sai an auna jikinsa, an daidaita masa keken, an koya masa amfani da shi, an kuma ci gaba da bibiyarsa. Koyarwar ce ta kawo ni yau.

Kun san halin da asibitoci suke ciki. Gado ya yi ƙaranci, magani ya yi tsada, hanya kuma idan damina ta kankama sai a yi kwanaki ba ta biyuwa. Karayar ƙugu ga dattijo, ko gyambon zama da ya ci ya kai ƙashi, suna iya zama ajalin mutum. Ba a taɓa samun lokacin da rigakafi ya fi magani kamar wannan ba.

Mu san abin da muke hawa

Babban keke mai batir yakan kai nauyin kilo 100 ko fiye, kwatankwacin buhun dawa, tun kafin mutum ya zauna. Ƙananan da ake naɗewa sukan kai kilo 25 zuwa 30. Galibi batir biyu ne a ƙarƙashinsa, kowanne mai ƙarfin bolt 12, sun haɗu sun ba da 24. Gudunsa yakan kai kilomita 6 a awa, kamar mutum mai sauri a ƙasa. Irin wannan nauyi da wannan gudu idan suka haɗu da ƙafar yaro, ko suka matse ƙafar mai keken da bango, karaya ce.

Abubuwa uku nake so kowa a gidan ya san wurinsu, har matan gida da manyan yara.

Na farko makunni, wanda ke kunnawa da kashewa.

Na biyu 'yar sandar tuƙi da ke kan madogarar hannu. Ita ce sitiyari, ita ce totur. Da zarar an sake ta, birki yakan kama da kansa. Amma muddin keken yana kunne, duk abin da ya taɓa ta, hannu ne ko hannun riga ko bakin mayafi, keken zai tafi.

Na uku shi ne ƙarfen da ke kusa da injin, a ƙasa ta baya, wanda ake juyawa a sa keken a firi domin a tura shi da hannu. Ku riƙe wannan da kyau: idan keken yana firi, ba shi da birki ko kaɗan. Kada a sa shi a firi a kan gangara da mutum a kai, kada kuma a hau ko a sauka sai an tabbatar an mayar da ƙarfen wurinsa. Hanyar tabbatarwa ita ce a tura keken da hannu. Idan ya ƙi motsi, ya kama.

Kashe shi kafin ka motsa

Bari in ba ku labarin abin da na gani. Akwai wani bawan Allah, dillalin riɗi, wanda ya yi shekaru a kan keke, ya kuma ƙware da shi har ba ya neman taimakon kowa. Wata rana da azahar ya zo sauka kan gado, ya ga ai abin na daƙiƙa biyu ne, bai kashe keken ba. Yana cikin ɗaga jiki sai hannun jallabiyarsa ya maƙale a sandar tuƙi. Keken ya zabura gaba, shi kuma ya faɗa tsakanin keke da gado. Da yake ba ya jin ƙafafunsa, bai san ya karye ba. Sai da cinyar ta kumbura bayan kwana biyu aka kawo shi. Ya yi watanni a kwance, kakar riɗi ta wuce ba shi a kasuwa. Da na je duba shi, abin da ya ce mini shi ne: "'Yata, da jahilci ne ya kayar da ni da na yi wa kaina uzuri. Sabo ne ya kayar da ni."

Saboda haka doka ta farko, wadda ba ta da togiya: a kashe keken kafin a hau, a kashe shi kafin a sauka, a kashe shi idan an tsaya ciniki ko gaisuwa ko shan jabana. Fitilar makunni ta mutu tukuna, sannan jiki ya motsa.

Shirya wuri

Mafi yawan faɗuwar da ake kawo mana ba a kan hanya take faruwa ba. A cikin ɗaki take faruwa, tsakanin keke da gado, ko tsakanin keke da bayan gida. Kafin kowane hawa ko sauka, a duba waɗannan:

Ƙasa ta zama busasshiya, a kwance daidai. A janye tabarma, buta, takalma da murhun gawayi.

A kawo keken dab da gado, a ɗan karkace shi, ta yadda gaban mazauninsa zai kusan taɓa bakin gadon. Kada a bar ramin da mutum zai iya faɗawa.

A ɗage matakan ƙafa ko a buɗe su gefe. Kada a taɓa tsayawa a kan matakin ƙafa, domin keken yana iya tuntsurowa gaba.

A ɗage madogarar hannun da ke ɓangaren gado, a kwance bel, a tattara jallabiya ko tob ko zane, a duba robar fitsari idan akwai, kada ta maƙale.

Ƙafafu su taka ƙasa sosai, da takalmi mai kama ƙafa. Silifa da safa suna santsi.

Sai maganar gadon kansa. Angarib, gadon igiyar da muke kwana a kai, yana da aibi uku a wannan sha'ani: ya fi keke gajarta, tsakiyarsa tana lotsawa, ga shi ba nauyi, yana zamewa idan aka dogara da shi. Maganin abin mai sauƙi ne. A jingina shi da bango, a ja igiyoyinsa su yi tauri, a shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashin katifa, sannan kafinta ya ƙara wa ƙafafunsa tsawo har ya zo daidai da mazaunin keke. Sauka daga tudu zuwa kwari abu ne mai sauƙi, komowar ce wahala, kuma a komowar ake faɗuwa.

Mai ƙarfin hannu, wanda ƙafafu ba sa ɗaukarsa

Ɗan'uwana, idan hannuwanka suna da ƙarfi, ga yadda za ka yi. Matso da mazaunanka zuwa bakin kujerar keke. Sauke ƙafafunka ƙasa. Ɗora hannu ɗaya a kan gado, a wurin da kake son zama, ka bar wa jikinka fili, ɗaya hannun kuma a kan keke. Sunkuya gaba, ka karkatar da kanka zuwa ɓangaren da kake barowa. Kamar sikeli ne: idan kai ya yi ƙasa ta nan, mazaunai sukan yi sama ta can. Sai ka ɗaga, ka juya, ka sauka a hankali. Ɗagawa ake yi, ba jan jiki ba, domin ja yana goge fata, kuma daga gogewar nan gyambo ke farawa.

Idan ɗagawa ɗaya ta yi maka nauyi, kafinta zai yi maka allon sauka: katako mai ƙwari, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, faɗinsa taƙi ɗaya da 'yan yatsu, a goge shi sumul, a fiƙe bakunansa biyu, ba ƙusa ba tsaga. A tura baki ɗaya ƙarƙashin cinya, ɗayan ya hau gado sosai. Sai ka bi ta kansa kaɗan-kaɗan, ɗagawa biyu ko uku. Tafin hannu a shimfiɗe a saman allon, kada yatsu su shiga ƙarƙashinsa. Kada kuma a bi ta kan allo da fata tsirara. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye

Ga iyayenmu da hawan jini ya taɓa, waɗanda suke iya tsayawa kaɗan da ƙafa ɗaya, a ajiye abin da za a koma kansa a ɓangaren da ke da lafiya. Idan daga kwance aka tashe su, a bari su zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu, jiri ya wuce. Mai taimako ya tsaya a gabansu, ya tokare gwiwar da ba ta da ƙarfi da gwiwoyinsa, ya riƙe su ta ƙugu. Ɗaura musu rawani ko zane mai ƙwari a ƙugu yana ba da wurin riƙo mai kyau. Su sunkuyo gaba, su dogara da hannu mai lafiya, a miƙe tare, a juya da ƙananan taku, har su ji bakin kujera ya taɓa bayan ƙafarsu, sannan a zauna a hankali.

Ina roƙon ku da girman Allah, kada a ja hannun da ya shanye. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya yana iya gurɗe ta, ciwon kuma ya zauna shekaru. Kada kuma a ɗaga mutum ta hammata kamar jariri.

Ga masu taimako

'Yan'uwana mata, ku ne kuka fi ɗaukar wannan nauyi, kuma ku ne kuke zuwa mana da ciwon baya. Idan bayanki ya lalace, an sami majinyata biyu a gida ɗaya. Ki buɗe ƙafafu, ki durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, ki matso da shi kusa da jikinki, ki juya da ƙafafu, kada ki murɗa ƙugu. Kada ki yarda ya rataya hannu a wuyanki. Mai juna biyu da ƙananan yara ba su da hurumi a wannan aiki.

Idan mutum ba ya iya taimakon kansa ko kaɗan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a zo mutum biyu. Mafi ƙarfi ya tsaya ta baya, ya zura hannuwansa ta ƙarƙashin na majinyaci ya kama damatsansa na gaba da ya harɗe a ƙirji, na biyu ya tallabi ƙarƙashin gwiwoyi. A yi bisimilla, a ƙidaya ɗaya, biyu, uku, a ɗaga tare. In da hali, mai jikin shi zai ƙidaya. Jikinsa ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan kuka ji yana suɓuce muku, kada ku yi kokawar tsayar da shi. Ku jingina shi da jikinku, ku sauke shi ƙasa a hankali, ku kare kansa.

Bayan gida, wanka da alwala

Ruwa da wannan keke ba sa ga maciji. Kada a yi wanka a kansa, kada a shigar da shi makewayi mai jiƙaƙƙen daɓe. Mai walda zai iya ƙera kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya, mai madogarar hannu, tsayinta daidai da keke, a lulluɓe bakinta da soso da leda, a ɗora ta a kan masai ko a sa bokiti a ƙarƙashi. A kafa ƙarfen riƙo a bango. Wajen alwala, a rufe sandar tuƙi da leda, a sa kwano ya tari ruwa. A taɓa ruwan zafi da hannu mai ji kafin a zuba a ƙafar da ba ta ji. Game da salla kuwa, malamanmu suna nan, za su gaya muku sauƙin da addini ya yi wa wanda ba ya iya tsayuwa. Kada wani ya jefa kansa cikin haɗarin sauka tabarma sau biyar a rana alhali an yi masa rangwame.

A kan hanya da cikin kasuwa

Ƙasarmu baƙa ce mai yumɓu. Albarkar dawa da riɗi daga gare ta take, amma ba ta yi wa ƙananan tayoyi adalci. Da rani takan tsattsage, ƙaramar tayar gaba ta faɗa cikin tsaga, keken ya tsaya cak, mutum ya wuce ta gaba. Shi ya sa ake ɗaura bel ko da tafiyar ta ƙofar gida ce. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Oktoba, takan zama taɓo mai danƙo, ya cika tayoyi, ya wahalar da inji har ya ƙone. Kada a shiga kududdufi da ba a ga ƙasansa ba, kada a gwada ƙetare kwari ko da ruwan iya idon sawu ne. Idan hadari ya taso, a nemi mafaka, a kashe keken, a rufe sandar tuƙi. Idan ya jiƙe, a bar shi ya bushe sarai kafin a kunna.

Gangara ana fuskantar ta kai tsaye, hawa da sauka, da mafi ƙarancin gudu. Ba a ratsa ta a karkace, ba a juyawa a tsakiyarta. Ƙananan tayoyin nan biyu na can baya, waɗanda wasu ke cirewa wai suna kama ƙasa, su ne ke hana keken kifewa ta baya. A bar su. Kada a rataya buhu ko jarka a bayan kujera. Kada a miƙa hannu ƙasa ɗauko kuɗin da ya faɗi, a kira wani. Kada a ɗauki yaro a kan matakin ƙafa.

A cikin cunkoson kasuwa a rage gudu zuwa na ƙarshe. A kan titi, musamman lokacin kaka da manyan motoci ke jigilar amfanin gona, ku sani direban lori ba ya ganin abin da ke ƙasa kusa da tayarsa. A kafa doguwar sanda mai ƙyalle mai haske a bayan keke, a manna leda mai ƙyalli, a riƙe tocila bayan magariba.

Masu tafiya Gadarif, ko Galabat da Matamma a bakin iyaka, kada a zauna a kan keke a bayan boksi ko lori ko karo. Mutum ya koma kujerar mota, da matashin zamansa a ƙarƙashinsa. Keken a kashe shi, a ɗaga shi ta gangar ƙarfensa, ba ta madogarar hannu ko matakin ƙafa ba, a tsayar da shi a kan tayoyinsa, a ɗaure ta kusurwa huɗu, a rufe shi da tamfal.

Batir da wuta

A yi caji da cajar da ta zo da keken kaɗai. Cikar batir takan ɗauki kamar awa 8. Kada a bari ya mutu ƙurmus kafin a yi masa caji, hakan na rage masa kwana. Ko ba a amfani da keken, a riƙa yi masa caji lokaci-lokaci. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, duk sa'ad da ta zo a cika shi. Masu amfani da janareto ko hasken rana, a nemi mai gyaran lantarki ya duba cewa wutar tana fita daidai, kada a jona caja sai janareto ya daidaita.

Yawancin ɗakunanmu na ciyawa ne, dangoginmu na kara. Kada a yi caji kusa da jinka, ko katifa, ko murhu, ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafitar wanda ba ya iya gudu. Kada mutum ya yi barci a kan keke yana caji. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a cire cajar, a sauke mutum, a fitar da keken fili.

Zafin Afrilu da Mayu a nan yakan haura digiri 40. Rana tana kashe batir, tana kuma gasa ƙarfe da ledar kujera. Wanda ba ya jin ƙafarsa zai ƙone bai sani ba. A ajiye keke a inuwa, a taɓa shi da hannu kafin a zauna. Kada kuma a dogara da nisan da kamfani ya rubuta, domin a kan kwalta aka auna shi. A tamu ƙasar, idan fitilun batir sun kai rabi, a juyo gida.

Fata

Akwai maƙiyin da ba ya ƙara, shi ne gyambon zama. Nauyin jiki yana danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa isa, naman ya mutu daga ciki. Mai keken batir ya fi shiga wannan haɗari, domin yakan wuni zaune ba motsi. Bayan kowane minti 20 zuwa 30, a kashe keken, a sunkuya gaba ko a karkata gefe-gefe na minti ɗaya ko biyu. Masu keken da kujerarsa ke kishingiɗa, su yi amfani da wannan. A zauna a kan matashin da aka yi domin haka. Kada a naɗe zane kamar gammo a zauna a kai, gammo yana tare jini ne. Safe da dare a duba mazaunai, ƙugu, gadon baya da dugadugai, da madubi ko idon wanda aka amince da shi. A fatarmu ba lallai a ga ja ba. Wurin yakan yi duhu, ko tauri, ko ɗumi fiye da kewayensa. Idan alamar ba ta gushe ba bayan rabin awa, kada a sake zama a kan wurin, kada a murza, kada a gasa, a zo a nuna mana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan an faɗi

A fara kashe keken. Kada a yi gaggawar ɗaga mutum don kunyar idon jama'a. A tambaye shi, a duba shi. Idan ya bugi kai yana amai ko magagi, ko wuyansa na ciwo, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, a bar shi kwance, a ɗauke shi a kan faffaɗan katako zuwa asibiti. Ƙashin ƙafar da ta daɗe ba ta taka ƙasa ba yakan yi rauni, ya karye ba tare da zafi ba, saboda haka a sa ido kwana biyu ko uku ko za a ga kumburi. Wanda lakarsa ta karye daga ƙirji zuwa sama, idan ya ji matsanancin ciwon kai farat ɗaya da gumi a fuska, a zaunar da shi a miƙe, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta toshe ko ta lanƙwashe. Idan bai lafa ba nan take, a garzaya asibiti, jininsa ne ya hau.

Roƙona ga 'yan kasuwa

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009, ta kuma yi dokarta a 2017. Amma takarda ba ta janye buhu daga kan hanya, ku ne za ku janye. Ku bar fili tsakanin rumfuna wanda keke zai wuce. Mai dakali a ƙofar shago ya yi gangara: kowane taƙi ɗaya na tsayi yana buƙatar taƙi 12 na tsawo. Haka a ƙofar masallaci. Idan kuka ga ɗan'uwa ya maƙale, ku tambaye shi tukuna: "Alhaji, ta ina zan kama?" Kada a taɓa sandar tuƙinsa, kada a jingina da kekensa, kada a tura shi ba da izininsa ba. Keken nan ƙafafunsa ne. Ku kuma yi ciniki da shi kai tsaye, ba da yaron da ke biye da shi ba.

Ga masu niyyar aiko wa iyaye da keke daga waje, ku yi shawara da ma'aikatan lafiya kafin ku kashe kuɗi. Wanda idonsa ya yi rauni ƙwarai, ko hankalinsa ke rikicewa, ko farfaɗiya ke kayar da shi ba a shawo kanta ba, keken batir haɗari ne gare shi. Ku tambaya ko ana samun batirinsa da tayoyinsa a nan. Kuma ko an sami mai batir, kada a sayar da na hannu. Ranar da wuta ta ɗauke ko taɓo ya rufe hanya, shi za a nema.

Iyayena da 'yan'uwana, wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, komai na hannun Allah. Amma manomin da ya yi imani da haka bai taɓa fasa kashe tarakta kafin ya sauka ba. In kun manta duk abin da na faɗa, ku riƙe huɗu: a kashe keken, a tabbatar ba ya firi, ƙafafu a ƙasa, a tafi sannu. Ku kai wannan takarda gida, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yanzu ga keke nan, ga angarib mun kawo. Ina son mutum biyu su fito mu gwada a gaban kowa, sannan mu saurari tambayoyinku.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.